Wa Ya Saƙa Kwandon Gidanku?

Ya ɗan'uwa mai karatu, kafin ka ci gaba ina so ka amsa wannan tambaya a zuciyarka: kwandon da ke gidanku, ko faifan da mahaifiyarka take rufe tuwo da shi, wa ya saƙa shi? Sunan mai hannun nake tambaya, ba kasuwar da aka sayo ba. Na yi wa abokan karatuna da dama wannan tambaya babu wanda ya iya amsawa, ni ma da aka juyo da ita kaina ban fi su ba. Amma da waƙa ce na ɗauko musu, nan take za su faɗi mawaƙin da garinsu da ubangidansa.

Abin da ya jawo wannan tambaya shi ne, a hutun da ya gabata na je gida Kafanchan, aka aike ni kasuwa in sayo kwandon zuba citta. Can ƙarshen layin masu robobi na iske wani dattijo zaune da kwanduna a gabansa, yana tsaga gora da wata 'yar wuƙa da ta sha wasawa har ta rame. Na taya, ya yi albarka, na sake tayawa, har na karya shi zuwa kuɗin da bai kai na datar da nake ƙonawa a kwana biyu ba, na tafi ina jin na iya ciniki. A daren nan ina latse-latsen waya sai na ci karo da hoton wani abu mai kama da guguwa, ya taso daga daɓen wani babban ɗaki yana murɗewa har rufi, mutane tsaye a gindinsa kamar 'yan tsaki. Da na karanta bayanin sai na ga ashe saƙa ce, kuma da gora aka yi ta, aikin wani mutumin Japan. Na dubi kwandon da na sayo, na dubi wayar, kunya ta kama ni.

Tunda ɗaliban harshe nake yi wa magana, bari in share fage. Gorar da nake nufi ba goran dama fura ba ne. Itaciyar nan ce mai gaɓa-gaɓa da rami a ciki, wadda ake yin sanda da ita, kuma daga gare ta muka sami kalmar jagora, wato mai jan gorar makaho. Haka kuma daban take da gwangwala, wadda daga tukurwa ake samunta, ko da yake mutane kan haɗa su. A kudancin Kaduna tana fitowa a bakin rafuka da cikin kurmi, mu kuwa iyakar darajarta a idonmu a kafa wa doya ta hau, a yi shinge, ko magina su tokare rufin kankare da ita.

A Japan ma kwando ya daɗe ba shi da mai shi. Manomi ne ke saƙawa idan aikin gona ya lafa, a zuba shinkafa, a kama kifi. Masu hali kuwa kwandunan ƙasar Sin suke nema su jera furanni a wurin shan shayi, masaƙan gida na bin sawu suna kwaikwayo. Ana nan sai a ƙarni na 19 wani masaƙi a birnin Osaka, Hayakawa Shokosai na ɗaya (1815-1897), ya fara zana sunansa a jikin kwandon da ya saƙa, kuma shi ake ɗauka na farko da ya yi hakan. Abin kamar ƙarami ne, amma a nawa ganin daga nan komai ya juya. Domin kuwa da zarar aiki ya ɗauki suna, mai saye ya daina tambayar girman kwando kawai, ya koma tambayar na wane ne. Mai sunan kuma dole ya kare shi, ya yi abin da na kusa da shi bai iya ba, ya bar wa ɗansa ko almajirinsa gadon da ya fi wuƙa.

Hukuma ta zo daga baya ta ɗora. A shekarar 1950 Japan ta kafa dokar kare kayan al'adu, daga 1955 kuma ta fara zaɓen gwanayen sana'o'in gargajiya tana ba su matsayin da jama'a ke kira taskar ƙasa mai rai, tare da tallafin yen miliyan 2 a shekara domin su ci gaba da aiki su kuma koyar. Masaƙin gora na farko da ya sami wannan matsayi shi ne Shono Shounsai, mutumin Beppu, a 1967, wanda ya riga ya fara saƙa abubuwan da ba a zuba komai a cikinsu, kallonsu kawai ake yi. A garin Beppu ɗin akwai cibiyar gwamnati ta koyar da saƙar gora, inda ɗalibi kan shafe shekara 2. Kada mai karatu ya ɗauka roba ba ta je musu ba. Ta je, ta kuma cinye kasuwar kwandon yau da kullum kamar yadda take cinye tamu. Abin da ya tsira shi ne wanda ya hau inda roba ba ta iya kai hannu.

Mai guguwar nan da na gani a waya shi ne Tanabe Chikuunsai na huɗu, haifaffen 1973 a garin Sakai kusa da Osaka. Na huɗu ɗin nan ba ado ba ne: mahaifinsa da kakansa da kakan mahaifinsa duk masaƙa ne masu wannan suna. Ya karanta fasahar ƙera siffofi a jami'a a Tokiyo, ya je Beppu ya koyi tsaga da saƙa, sannan ya koma gaban mahaifinsa. A 2017 ya kafa wata ƙatuwar saƙa a gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin Niyok na Amurka, a 2019 kuma ya kafa wata a garin Eskisehir na Turkiyya. Yana aiki da wata gora mai dabbare-dabbare da ake samu a wani ɗan yanki na lardin Kochi, kuma idan an gama nunin sai a warware saƙar, a kwashe tsage-tsagen, a sake amfani da su a wani wuri.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne yadda kowane mataki na aikin yake da suna a wurinsu. Ana sare gorar idan ta shekara 3 zuwa 4, a lokacin sanyi, a fitar mata da mai ta hanyar gashi ko dafawa, a shanya, sannan a yi ta tsagawa har wata ta koma siririya kamar tsinken tsintsiya. Sukan ce tsagar kaɗai shekara 3 ake yi ana koyonta. Saƙa mai ramuka masu kusurwa shida sunanta mutsume, wato ido shida, mai kusurwa huɗu kuma yotsume, ido huɗu. Har gorar da aka ciro daga rufin tsofaffin gidajen ƙauye, wadda hayaƙin murhu ya rina ta shekara da shekaru, tana da nata suna, susudake, kuma tsada gare ta. Mu in aka kwance tsohon ɗakin girki, abin da kunkunniya ta rina murhu yake komawa. Waɗannan sunaye an rubuta su, ana koyar da su, shi ya sa yaron da bai taɓa ganin Hayakawa ba zai iya ɗaukar kwandonsa ya karanta shi kamar littafi.

To mu dawo gida. Idan akwai ƙasar da ya kamata ta san zafin aikin da ba shi da suna, to kudancin Kaduna ce. A ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba masu haƙar kuza suka fara tono kawunan yumɓun nan a 1928. Wanda ya fi shahara, wato kan Jama'a, an same shi ne a nan ƙasar tamu a farkon shekarun 1940, kuma kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos sai da ya yi zaman mutum-mutumi a gonar doya yana korar dabbobi. Yau duniya ta san Nok, amma babu wanda ya san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka gina waɗannan siffofi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, balle abin da suke kiran kayan aikinsu. Yumɓu ke nan, mai jure zama a ƙasa. Gora da kaba da ciyawa fa? Damina kaɗan gara ta gama da su. Babu mai tono kwandon dattijon nan bayan shekara ɗari. In ba a hannun wani ko a bakin wani ya rage ba, ya tafi ke nan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce Japan ƙasa ce mai arziki, kuma ko a can masu wannan aiki ba su da yawa, akasarin manyan masu saye ma attajiran Amurka da Turai ne. Za su ce mutumin da bai sami na gishiri ba ina shi ina saƙar kallo, ga shi a wasu ƙauyukanmu shiga kurmi saran gora ya zama kasada saboda hare-haren da yankin ya sha. Za su ƙara da cewa roba ta fi arha, ta fi wankuwa, kuma tumatir ya fi isa Legas lafiya a akwatin roba bisa ga kwando. Duk gaskiya ne. Ni ma ba na kiran kowa ya zubar da robar gidansa, wannan yaƙi an riga an ci mu. Amma a zaro takardar naira 20 a duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya wadda ta koyi sana'ar a ƙauye kamar kowace yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, wadda Michael Cardew ya jagoranta. Can ta ci gaba da gina randunanta da hannu, da zanen ƙadangare da kifi da kunama irin na gida, sai dai an gasa su da wuta mai ƙarfi an shafe su da ƙyalli, har suka daina sanyaya ruwa suka koma abin kallo. Ta buga musu haruffan sunanta, LK. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ashe abin da Hayakawa ya yi an taɓa yin irinsa a nan, da yumɓu. Me ya hana a yi da gora?

Mu ɗaliban Hausa ba za mu iya ba kowa yen miliyan 2 ba, amma akwai ɓangaren da yake namu, kuma mun yi sake da shi. A tambayi ɗalibin aji huɗu bambancin adudu da samfo, ko asabari da zana, a ga yadda zai yi ta sosa ƙeya. Da yawanmu ba su san cewa lefe asalinsa kwando ne na kaba ba, kafin ya koma jerin akwatuna. Waɗannan ma sun yi sa'a, domin ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana irinsu. Ina ga Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Fantswam? Nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hausa ce harshen kasuwa a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kagoro, yara da dama suna tashi da ita fiye da harshen iyayensu, kuma duk abin da dattijo ya saƙa, komai sunansa a gida, da ya iso kasuwa ya zama kwando. Harshen da muke karantawa yana cikin abin da ke binne waɗannan kalmomi, ko da ba da niyya ba. Don haka nake ganin bashi ne a kanmu mu taya masu su tattara su, kowace kalma a harshenta, kusa da ta Hausa, ba a ƙarƙashinta ba.

Kowace shekara muna cika ɗakin karatu da kundaye a kan jigo da salon littattafan da an riga an tatse su. Me zai hana mutum biyu ko uku su ɗauki waya da littafin rubutu su zauna gaban masaƙi mako shida? A rubuta sunan kowace irin gora da lokacin saranta, da sunan wuƙar, da na kowace saƙa, da abin da ake ce wa farkon gindi da naɗin baki, da karin maganar da ke tafiya da sana'ar. A saka sunan masaƙin da garinsu a shafin farko, da izininsa, maimakon a ɓoye shi a ƙarshe cikin jerin waɗanda aka yi hira da su. Irin wannan kundi ne ɗalibin sashen zane da ƙere-ƙere a Zariya zai iya ɗauka ya je ya nemi mutumin, su gwada abin da babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai. Masu shirya bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu da na Tuk Ham a Kwoi su ma za su iya ware rumfa guda ta masaƙa, a manna wa kowane aiki sunan mai shi.

Kafin hutu ya ƙare na koma wurin dattijon nan. Na cika masa abin da na rage masa, ya karɓa yana dubana kamar wanda ya taɓu. Na tambaye shi sunan saƙar da ke bakin kwandon, ya faɗe shi da harshensu, na sa ya maimaita sau uku ina rubutawa. Jikansa da ke taya shi zama ya ce shi bai taɓa jin kalmar ba. Da na nuna masa guguwar Tanabe a waya ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya faɗaɗa hoton daidai inda tsage-tsagen suka haɗu, sannan ya ce mutumin ya iya tsaga. Na ce ina so in rubuta sunansa a gindin kwandon da na saya, ya yi dariya ya ce in rubuta, amma in da gaske nake in dawo hutu mai zuwa da wuƙata.