Dakashi Rabon Maraƙi Ne, Kada A Hana Shi

Jama'a manoma da makiyaya, yau zancenmu a kan nono ne, musamman dakashi, watau nonon nan mai kauri, mai fatsi-fatsi, wanda saniya ke fara kawowa in ta haihu. Akwai masu ganin ƙazanta ne, su tatse su zubar. Akwai kuma waɗanda kan bar maraƙi kwance rabin yini ba a kai shi ga hantsa ba, wai sai ya tashi da kansa. Mu dai a ganinmu duka biyun hasara ce, kuma binciken masana na shekarun nan ya ƙara mana hujja.

Da can an ɗauka nono abinci ne kurum: ruwa da mai da sukari da gishiri da abin gina jiki. To, a shekarar 2007 waɗansu masana na Makarantar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa cikin nonon mata akwai waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, waɗanda ƙwayoyin halittar jikin uwa ke sakowa. Masana na ce musu ekzozom. A 2010 kuwa masana a Japan suka ga irinsu cikin madarar shanu. Daga baya an same su a nonon akuya da tunkiya da raƙuma da goɗiya. Ƙanƙantarsu abin mamaki ce. Galibinsu in ka jera kamar 10,000 kafaɗa da kafaɗa, milimita ɗaya kaɗai za su cika. Madubin likita na kullum ba ya ganinsu sosai, sai babban madubi mai aiki da lantarki.

To, me aka ƙunsa a ciki? Fatar jakar da wani irin mai aka yi ta, ninki biyu, kuma tana da kolestarol da yawa, shi ya sa take da ƙwari. A jikin fatar akwai furotin iri iri a kafe, kamar su CD9 da CD63 da CD81, waɗanda da su ne masana ke shaida jakar, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa da tsagar kunne. Can ciki kuma akwai waɗansu furotin, da 'yan guntayen saƙo da ake kira maikro-RNA. Ko wane guntu harufansa na halitta ba su wuce kamar 22 ba, amma in ya shiga ƙwayar halitta yana iya sa ta rage yin wani furotin. Watau kamar ɗan aike ne mai ɗauke da umurni. Masana biyu na Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su suka gano irin wannan saƙo a 1993, har aka ba su lambar Nobel a 2024 saboda shi.

Abu biyu a nan sun shafi makiyayi. Na fari, an gwada an ga jakar nan tana kare saƙon daga tsami da ruwan narka abinci, har ƙwayoyin hanji su haɗiye ta. Na biyu, an auna dakashin saniya da madararta ta daga baya, aka tarar jakunkunan dakashi sun fi ɗauke da furotin da saƙonnin da suka shafi tsaron jiki da girma. Masana suna nan suna gardama a kan yawan saƙon da ke ratsa hanji ya shiga jini, amma ba mai musun cewa abin da ke cikin dakashi dabam ne da na madarar bayan mako guda.

Kada kuwa a ɗauka jakunkunan nan su ne babban makami. Babban makamin an san shi tun 1922, sa'ad da Theobald Smith da Ralph Little a Amurka suka nuna maruƙan da aka hana dakashi yawancinsu mutuwa suke cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin cuta sun bi jininsu. Dalili kuwa shi ne mabiyiyar saniya ba ta barin garkuwar jinin uwa ta isa ga ɗan da ke ciki. Maraƙi yakan faɗo duniya ba garkuwa, sai abin da ya samu a dakashi. Hanjinsa kuma buɗe yake ga garkuwar nan cikin sa'o'in farko kaɗai. Bayan sa'a 6 ƙofa ta fara tsukewa, in an kai sa'a 24 ta kusa rufewa sarai. Dakashin da aka sha gobe ba ya biyan na yau. Haka abin yake ga ɗan akuya da ɗan tunkiya.

Wani zai ce, ai da nonon nan iyali ke ci, da shi uwargida ke zuwa kasuwa, balle da rani sa'ad da hantsa ke ƙafewa. Gaskiya ne, ba mu raina wannan ba. Amma a yi lissafi. Dakashi kwana biyu ne zuwa uku, kuma ba ya yin kindirmo mai kyau. Maraƙin da ya mutu da zawo kuwa, sa ne ko saniyar gobe aka rasa. Bugu da ƙari, shanunmu irin su bunaji da rahaji da bokolo ba su cika sakin nono ba in ba maraƙi a gefe. In ya mutu, sau da yawa tatsar ma ta tsaya. Kwaɗayin ƙwarya guda ya jawo hasarar ta wata shida.

Saboda haka ga shawararmu. Saniya in ta kusa haihuwa a riƙe ta kusa da gida inda ido zai kai. Da maraƙi ya faɗo, a ga ya kama hantsa cikin sa'a biyu. In ba shi da ƙarfin tashi, a tallafe shi, ko a tatsa cikin ƙwarya mai tsabta a ba shi da ɗuminsa a hankali. Ma'aunin da likitocin dabbobi ke bayarwa shi ne kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a sa'o'in farko, watau maraƙi mai kilo 20 ya sha kamar lita 2. Kwana ukun farko kada a ɗaure shi a dangwali nesa da uwa, kada kuma a tatsa don sayarwa.

Sai gargaɗi guda. Kada wani ya ji labarin jakunkunan nan ya ce zai riƙa shan ɗanyar madara don kada wuta ta ɓata su. I, zafi mai tsanani yana lalata da yawa daga cikinsu. Amma ɗanyar madara tana iya ɗauko wa mutum tarin fuka da bakkale. Saƙon saniya ɗanta ta aika wa, mutum kuwa ya tafasa tasa tukuna.

Jariri shi ma yana da nasa saƙon a nonon uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa shi a nono cikin sa'a guda da haihuwa, kada a matse dakashi a zubar. Maigidan da ya kula da na garke, lalle ya kula da na ɗaki.

Mako mai zuwa sai mu duba zancen gyaran cibiyar maraƙi.