Kafin a taɓa sensar totur ɗinka, ka ce a sa mita

Ɗan'uwa, idan kana da mota a garin Dutse, ko kana jan ta gida, wataƙila ka san wannan ciwon kan. Ka tayar da ita da safe a Yalwawa, silo ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai. Ka taka totur, ta yi kamar ta shaƙe, can kuma ta zabura. Ka kai ta gareji, kafin ka gama bayani wani yaro ya ɗauko sukundireba ya nufi bakin injin yana cewa “sensa ce, yanzu za mu saita ta.” Ya sassauta, ya murɗa, ya kasa kunne, ya ɗaure. Ka biya ka tafi. Bayan kwana uku ga ka nan ka dawo, kuma tankin mai yana zuƙewa kamar an huda shi.

Ra'ayina a nan shi ne, duk wanda zai taɓa sensar totur bai sa mita ba, caca yake da kuɗinka, wani lokacin ma da ranka.

Bari mu fara da mece ce ita. A inda iska ke shiga injin akwai wani faifai da ke buɗewa idan ka taka totur. A gefensa ne sensar take, wadda ake kira TPS. A yawancin motocin da totur ɗinsu ke da igiya, wayoyi uku gare ta: ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwar mota, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku kuma ita ke kai rahoto. Idan ƙafarka ba ta kan totur, rahoton yana kusan rabin bolt. Idan ka take shi har ƙasa, yana kaiwa wajen bolt 4.5. Da wannan lambar, haɗe da ta sauran sensoci, ƙwaƙwalwar ke sanin yawan man da za ta fesa, a mota mai giyar otomatik kuma har da lokacin canja giya.

Ka ga ke nan duk aikin yana tsakanin sifiri da biyar. Kuskuren da bai kai rabin bolt ba ya isa ya sa ƙwaƙwalwar ta ɗauka kana taka totur alhali kana tsaye a danja. Wane kunne ne zai ji rabin bolt?

Na san abin da wasu za su ce, wai su oga sun shekara talatin suna gyara da kunne, motocin kuma suna tafiya. Gaskiya ne, kuma ban raina musu ba. A zamanin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, kafireto ke raba mai, kuma gwani yana saita shi da sauraro. Sai dai motar Kwatano da ke hannunka yau lissafi take yi da wuta. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin OBD2, Turai ta bi baya a motocin fetur a 2001. Shi ya sa za ka ga wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ta nan motar ke faɗin abin da ke damunta, in an tambaye ta.

Tambayar ba ta da wuya. A buɗe makulli ba tare da an tayar da inji ba, a sa mitar wuta a kan wayar rahoto, a karanta. Sai a buɗe totur a hankali. Lambar ta riƙa hawa sannu a hankali, babu tsalle, babu faɗuwa. Idan ta kai wani wuri ta faɗo sannan ta dawo, cikin sensar ya cinye, murɗawa ba za ta gyara ta ba, sai canji. Idan babu bolt 5 ɗin ma gaba ɗaya, to a bi waya ko soket, ƙila ɓera ne ya ci, ƙila ruwan wankin inji ne ya shiga. Sau da yawa kuma sensar lafiyarta ƙalau, ƙurar hunturu ce da baƙin maiƙo suka toshe bakin faifan. Wanki kawai yake so.

Yanzu kuma na dawo kanmu, mu 'yan waya. Bidiyo sun cika TikTok da YouTube, wani yana cewa a sa kowace mota a 0.5, wani yana cewa a ɗaga lambar mota ta ƙara gudu. Kar ka yarda. Kowane kamfani da lambarsa, ta Honda daban, ta Toyota daban, har tsakanin shekara da shekara akan samu bambanci. Ɗaga lambar kuma ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ruɗa ƙwaƙwalwar kawai yake yi. Sannan motoci da yawa na bayan nan, kamar Camry ɗin da ake kira Muscle, ba su da igiyar totur sam. Ƙaramin moto ne ke buɗe faifan, sensar kuma rahoto biyu take aikawa don su riƙa tantance juna. Waɗannan ba a murɗa su. Bayan wanki ko canji, ƙwaƙwalwar ce ke sake koyon matsayin faifan, wasu da kansu, wasu sai da na'ura. Kuma kada kowa ya sa yatsa a cikin irin wannan faifan makulli yana buɗe.

Ko ƙaramar na'urar ELM327 da ake jonawa da waya ta Bluetooth, ita ma ka san iyakarta. Za ta nuna maka P0122, wato rahoton ya yi ƙasa da yawa, ko P0123, ya yi sama da yawa. Ba ta ce maka sensa ta mutu ba, hanyar da za a bi a bincika ta nuna. Wanda ya ga lamba ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo sabuwa bai auna ba, shi da mai kunne duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Me ya sa na damu haka? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita da ta ƙone a banza daga kuɗin cefane aka cire ta. Wannan ma mai sauƙi ne. Ka yi tunanin ka fito daga Dutse za ka Kano, ka wuce Kwanar Huguma, ka fita za ka wuce tirela, ga Sharon cike da fasinja tana tahowa, ka take totur motar ta shaƙe na daƙiƙa biyu. Allah Ya kiyaye.

Don haka ga shawarata. Kai mai mota, ka tambayi bakanike cikin ladabi, “Oga, nawa take karantawa yanzu, nawa ya kamata ta karanta?” Ka ɗauki hoton mitar kafin gyara da bayansa. Idan wutar injin ta kama a dashbod, kar ka bari a cire ƙwan don ta daina damunka. Kai kuma da ka gama Jami'ar Tarayya ta Dutse ko kwalejin kimiyya da fasaha kana zaune kana jiran aikin ofis, mitar wuta ba ta kai kuɗin wayar da ke hannunka ba. Ka je wurin oga ka koyi inji, shi ma ya ga yadda ake karanta lamba a wurinka. Motocin nan ba za su koma kafireto ba, kuma duk garejin da ya haɗa hannun oga da mitar yaro, can layin motoci zai koma.