Karin Sauti da Tsawon Wasali: Darasin da Muke Jinkirtawa

A wani aji na ƙaramar sakandare a Roni na rubuta "ya zo" a allo, na ce a karanta. Wata ɗaliba ta ja wasalin farko, wani ɗalibi ya gajarta shi ya kuma sauke murya. Babu wanda ya yi kuskure. Ita labari ta bayar cewa mutum ya iso, shi kuwa umarni ya isar cewa a bar mutumin ya zo. Da na tambayi inda bambancin yake, aji ya yi tsit.

Takwarorinsu a Burazil da Fotugal ba a bar su haka ba. A shekarun nan ake koya musu ƙa'idojin alamomin da ake ɗora wa wasulan Fotugisanci, har yaro ya san cewa alama ɗaya ce ta raba avó, kaka mace, da avô, kaka namiji. Yarjejeniyar rubutu ta 1990 ta zubar da wasu alamomin, aka kuma yi ta jayayya a kai, amma darasin na nan.

Ba ina kira a sauya ƙa'idojin rubutun Hausa ba ne. Tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912 boko ya ginu ba tare da nuna karin sauti ba, kuma Bahaushe na karanta jarida lafiya lau, domin jimla kan warware shubuha. Mu da har yau muke fama da masu rubuta ƙasa ba ƙugiya, ina mu ina ƙarin kaya? Abin da nake nema shi ne a horar da kunne a aji, ko da sau ɗaya a mako: gari na zama da gari na tuwo, kukan yaro da kukar miya.

A nan ɗan Roni ko Gwiwa yana da jarin da muke wofintarwa. Kafin ya shiga boko ya zauna a makarantar allo, ya san alif da wawu da ya suna ja wa wasali tsawo, kuma da su ne ajami ke nuna dogon wasali. Daga nan ya kamata malami ya fara. Karin sauti, wanda ajamin ma bai nuna ba, sai ya biyo baya.

Illar jinkirin a gabanmu take faɗuwa a jami'a. Ɗalibi ya zo nazarin Hausa, a buɗe masa ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham, alamomin su zame masa baƙi. A darasin arulin waƙa ya kasa raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Laifin kuwa namu ne kafin na malaman sakandare, domin mu muka yaye su, kuma da yawansu sun bar hannunmu suna amsa tambayar karin sauti da hadda kawai.