Jadawalin gasa ba aikin mutum ɗaya da biro ba ne

Jama'a, rigimar gasar ƙwallo a karkararmu tun daga takardar jadawali take farawa, tun ba a hura usur ba. A ce ƙungiyoyi 10 ne daga Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah za su kara gida da waje: wasanni 90 ke nan, kuma sakataren da ya zauna da biro zai tsara su, ko waliyyi ne sai an ce ya fifita 'yan garinsu. Shi ya sa nake goyon bayan a miƙa wa kwamfuta aikin. A rumbun bayanai, ana haɗa jerin ƙungiyoyin da kansa ta umarnin SQL, haɗi 100 su fito, a cire 10 da ƙungiya ta haɗu da kanta, saura 90 cif. Rabon makonni kuwa, a kafe ƙungiya ɗaya, sauran tara su riƙa juyawa, kowane zagaye ya kammala a mako tara. Lissafin nan ne ke ba da wasanni 380 a gasar ƙungiyoyi 20 irin ta Firimiyar Najeriya. Amma fa na'ura ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta san lokacin dashen albasa a fadamar Rima ba, balle kuɗin motar da yara ke harhaɗawa. Wannan sai mu zauna gaban kowa mu shigar mata tun farko: kada ƙungiya ta yi tafiya uku a jere, kada a sa wasa ranar da 'yan wasa ke cin kasuwa. Daga nan a buga jadawalin, a liƙa a kowane fili kafin wasan farko.