Wa Ke da Hakkin Tambaya?

A watan Maris na 2008, a babban taron masu fasahar zamani da ake kira SXSW a birnin Austin na ƙasar Amurka, an zaunar da Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, domin wata 'yar jarida, Sarah Lacy, ta yi hira da shi a bainar jama'a. Mutane sun cika zaure maƙil don su ji yadda kamfanin yake yi da bayanansu. Ita kuwa sai ta shiga ba da labarin sanayyarsu da tallar littafinta, tana katse masa magana. Da haƙuri ya ƙare aka fara yi mata ihu, har ala tilas ta bar jama'a suka yi tambayoyinsu.

Lalle akwai rashin ɗa'a a cikin wasu kalaman da aka jefe ta da su. Amma fushin nan yana da tushe, domin mai tambaya wakilin masu sauraro ne, kuma lokacin da yake ɓatawa nasu ne.

To, ya 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, mu dubi gida. A 2012 gwamnatin tarayya, lokacin ministan gona Akinwumi Adesina, ta fito da tsarin raba takin zamani ta wayar salula, inda manomi zai sami saƙo ya je ya karɓi buhu 2 a kan rabin kuɗi. A karkarar Bichi da Ɗambatta da Minjibir, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu saboda yawan jama'a, taki shi ne ran amfanin gona. Manomin can yana da tambayoyi: wanda ba shi da waya fa? Wanda bai iya karatun boko ba fa? In taki ya iso bayan gero ya fitar da kai, wa zai biya hasarar? A irin tarurrukanmu kuwa, sau da yawa mai gabatarwa kirari yake yi wa babban baƙo, manomi ya tafa, a watse.

Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gobe mu ne za mu riƙe lasifika a wuraren nan. Duk wanda aka ba ta, ya fara zuwa gona da kasuwar Dawanau ya tattaro tambayoyin mutane, ya taƙaita nasa surutu, kuma ya ware wa manoma rabin lokacin, da harshen Hausa. Allah Ya sa mu dace.