ZAUREN SHAWARA: Kafin A Ɗaure Kaya, A Auna Gari

A ɗan tsakanin nan babu tambayar da ta fi yawan zuwa mana, ko a bakin makaranta ko a wajen suna da zaman makoki, kamar wannan: Malam, wane gari ya kamata mu nufa da iyali? Masu tambayar kashi uku ne. Akwai waɗanda suka bar Wad Madani a watan Disamba na 2023, lokacin da dakarun Da'am Sari suka shiga garin, suka raɓe a Gadarif ko Kasala. Akwai waɗanda rikicin 2022 ya koro daga Rusairis da Wad al-Mahi, suka zo Jazira, yaƙi ya sake tashin su. Akwai kuma samari masu ganin cewa hawasha ta daina riƙe gida. Tunda sojoji suka karɓe Madani ranar 11 ga Janairun 2025, shawarar ta ƙara nauyi, domin komawa gida ma ta shiga cikin lissafi.

Zaɓen gari ba sabon abu ba ne a wurinmu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. In mun lura, kakanninmu sun duba ruwa da ƙasar noma, sun duba maƙwabtan da za su zauna da su, sun kuma duba hanyar da za ta kai su Sawakin su haye zuwa Makka. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, aikin ne ya jawo dubbanmu muka cika hilloli da kambuna. To, ma'aunan nan uku, wato mutanen gari da hanya da abin sawa a baki, su ne dai za mu ɗauka yau.

Na farko, su wane ne mazauna garin? Da yawa daga cikinmu abin da suke fara tambaya shi ne ko akwai unguwar Hausawa. Wannan tambaya ce mai kyau, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan'uwa ne zai ba ka masauki a daren farko. Amma mu ƙara mata wata: ƙabila nawa ke cin kasuwar garin, kuma wa ke da ta cewa a kan ƙasa? Abin da ya faru a jihar Nil Azrak a watan Yuli na 2022, ya kuma maimaitu a Oktoba, ya taso ne daga gardama a kan ƙasa da sarautar gargajiya, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Yawanmu a can bai hana a kira mu baƙi ba. Madani kuwa ta daɗe tana da daɗin zama saboda gari ne na ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, kusan kowa daga wani wuri ya zo. Gadarif ma haka take: Shukuriyya, Masalit, Bani Amir, Barebari, Fulani, Hausawa da Habashawa duk suna haɗuwa a kasuwar amfanin gona.

Sai dai kada a ɗauka cakuɗa kaɗai ta isa. A Bur Sudan an yi faɗa tsakanin Bani Amir da Nuba a 2019, a Kasala kuma an yi tashin hankali a 2020 kan naɗin gwamna. A Jazira kanta, mazauna kambuna sun sha farmaki a farkon 2025 bisa zargin goyon bayan wani ɓangare. Saboda haka mai bincike ya tambayi dattawan unguwa yadda aka kashe wutar rikicin baya, da wanda ya kashe ta. Ya kuma tabbata kowa a gidansa yana da rakam waɗani da takardar haihuwa, domin mu ne aka fi tsayarwa a shingen bincike ana tambayar asali.

Na biyu, hanya. Babbar kwaltar da ta taso daga Hartum ta bi ta Madani, ta haye gadar Hantub, ta wuce Fau da Gadarif da Kasala har Bur Sudan, tsawonta ya kusa kilomita 1,200. Daga Madani zuwa Gadarif ya ɗan haura kilomita 200, daga nan zuwa Kasala ma kusan haka, amma daga Kasala zuwa Bur Sudan ya fi 500. Wanda ya bar tsohuwa ko gona a Jazira ya lissafa wannan da kyau. Daga Gadarif mutum zai iya zuwa jana'iza ya kwana ɗaya ya koma, alhali kuwa daga bakin teku sai ya yi asarar kwanakin aiki da kuɗin mota mai yawa.

Yaƙi ya koya mana wani darasi game da hanya. A watan Yuni na 2024, da aka kama Jabal Moya aka kuma shiga Sinja, garin Sinnar ya zama kamar tulu mai baki ɗaya, abinci da magani suka yi wuyar shiga har zuwa watan Oktoba da aka sake buɗe hanyar. Don haka a tambaya: ƙofa nawa garin yake da su? Bayan wannan sai zirga-zirgar cikin gari. Gida mai arha a bayan gari, wanda sai an hau hafila biyu ko an ɗauki raksha kafin a kai kasuwa, ƙarshen wata zai cinye abin da aka rage a haya. A Gadarif kuma a tuna da laka, domin in damina ta sauka akwai unguwannin da mota ba ta shiga.

Na uku, tsadar rayuwa. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, a cikin 2024 ta haura 2,000, saboda haka duk farashin da wani ya faɗa maka a waya bara ya zama tsohon labari. Shawararmu a nan ita ce a auna da ranar aiki: kwana nawa magidanci zai yi yana aiki kafin ya biya hayar wata? In ya wuce kwana goma, garin ya fi ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki. A haɗa da kuɗin ruwa, wanda mutanen bakin kogi ba su saba lissafawa ba. Gadarif tana da aikin yankan riɗi da dawa a kaka, amma ƙarancin ruwan sha tsohon ciwonta ne. Bur Sudan ta cika maƙil bayan gwamnati ta koma can da aiki a 2023, haya ta yi tashin gwauron zabo, madatsar Arba'at da ke shayar da garin ta ɓalle a watan Agusta na 2024, jiragen sama marasa matuƙi kuma suka kai mata hari a watan Mayu na 2025. Kasala tana da lambunan sawagi inda mai sanin noman rani zai sami abin yi, sai dai a guji gida a kwarin Gash saboda ambaliya.

A matsayinmu na malamai dole mu ƙara da batun makaranta. A garuruwa da dama an mai da ajujuwa masaukin 'yan gudun hijira, kuma ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahadar Sudan a 2023 sai ƙarshen Disamba na 2024 suka samu zama. Yaron da ya yi shekara biyu a gida, in aka ƙara masa ta uku, da wuya ya koma allo da alli. A je makarantar unguwa da ƙafa, a ga ko ana karatu, a tambayi shugabanta ko zai karɓi yaro da takardunsa suka ɓace a hanya.

To, ina muka tsaya? A ganinmu, mai hawasha ko gida nasa na kansa a Jazira ya fi dacewa ya fara duba komawa, domin rashin biyan haya rabin arziki ne a wannan zamani, kuma ƙasar da aka bari babu mai ita ba ta rasa mai sha'awa. Mai neman aikin ƙarfi tare da iyali, Gadarif ta fi masa kusa da sauƙi. Bur Sudan kuwa a bar wa saurayi mai sana'ar hannu wanda zai iya kwana a shago. Amma ko wanne aka zaɓa, kada a kwashi mata da yara a lori ɗaya bisa labarin waya. A tura mutum guda mai hankali ya yi mako biyu, ya sha ruwan garin, ya hau motarsa, ya ga ko ruwa na gudu a magudanar gona, ya ji yadda ake amsa sallamarsa a kasuwa, tunda gani ya kori ji.

Duk wanda ya yi irin wannan tafiya, muna roƙon ya rubuto mana abin da ya tarar na haya da ruwa da makaranta, domin mu buga wa 'yan'uwa su amfana. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.