Ƙarfen Jebba Shaida Ne, Ba Abin Wasa Ba

Matafiyin da ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Jebba ya kan ji labarin waɗansu tsofaffin ƙarafa da aka ajiye can. Guntayen jirgin ruwa ne mai tafiya da wuta, sunansa Dayspring, wanda ya faɗa kan dutse cikin Kwara ya nutse a shekarar 1857. Wanda bai sani ba sai ya ce tarkace ne. Amma ga mai hankali, shaida ne a kan yadda ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku.

Ga asalin al'amarin. Zamanin da, hajar Kano ta arewa take zuwa, bisa raƙuma, daga Tarabulus da Gadamas. Turawa sun daɗe suna neman shigowa ta kogi, zazzaɓi yana kashe su. A 1854 Likita Baikie ya hau Binuwai da jirgi, yana ba mutanensa kwini, ya komo ba wanda ya mutu. Shi ne ya sake tasowa da Dayspring. Da jirgin ya fashe, mutanensa suka yi kamar shekara guda a bakin kogi kafin wani jirgi ya zo ya kwashe su. A cikinsu akwai Samuel Ajayi Crowther, akwai kuma hafsa Glover, wanda a 1863 ya tara Hausawa a Ikko ya kafa rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya. Baikie kuwa ya zauna Lokoja ya buɗe kasuwa. Jirgi ya nutse, amma niyyar masu shi ba ta nutse ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya riga ya ja baya.

To, yaya ya kamata a riƙe irin wannan kaya? Turawa sun nuna hanya biyu. A Ingila akwai jirgi Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 don ɗaukar ganyen shayi daga Sin. Gobara ta ci shi a 2007, aka gyara, aka sake buɗe shi a 2012, mai ziyara yana koyon yadda aka yi fataucin. A Amurka kuwa an girke jirgi Queen Mary a 1967, aka mai da shi masauki, har ana karɓar kuɗi don zagayawa da baƙi a ba su labarin fatalwa. Ba laifi ba ne yara su yi nishaɗi, amma in wasa ya rinjayi darasi, an sayar da tarihi da araha.

Saboda haka ƙarfen Jebba yana da hakki uku. A tsare shi daga tsatsa da ma'aunin 'yan gwangwan. A rubuta labarinsa kusa da shi da Nufanci da Yarabanci da Hausa, boko da ajami. Malamai kuma su sanar da almajirai, gama Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta riga ta shige ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968, ba sauran abin nunawa.

Ga fatake kuwa akwai izina. Hanyar ciniki ta kan sauya tun mai kaya yana barci, kuma alamarta ta farko ta kan yi kama da hasara ga mai kawo ta. Allah ya sa a gane.